Sigina da hazad sun ƙi aiki a tsohuwar motarka? Ga yadda zaka bi laifin da kanka kafin ka sayi komai

Duk mai tsohuwar mota a garin nan na Zariya, ko Golf 3 ce ko Starlet ko Carina ko Hiace ko ma 504 ɗin nan da kamfanin Peugeot na PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 wadda har yau akwai masu lallaɓa ta, ya san ranar da zai buga sigina yaji shiru, ko kuma yaji tana ƙyaf-ƙyaf da sauri. Abinda yake damuna shine yadda mutane ke ɗaukar abin da wasa, mutum zai yi wata da watanni yana yawo ba sigina, alhali in ka zo shan kwana a Ƙofar Doka ko PZ ko ƙarƙashin gadar Kwangila, ɗan acaɓan da ke manne a gefenka da mai a daidaita sahun da ke bayanka ba abinda suke karantawa a jikin motarka sai wannan 'yar fitilar. Na biyu kuma, in an tashi gyara sai a fara da mafi tsada, a sayo hannun sigina sukutum ko a bari wani ya yayyanka wayarin mota, bayan kuwa yawanci laifin baya wuce ƙwai ko fiyus ko tsatsa. Motar da kanta tana gaya maka inda ciwon yake in ka tsaya ka duba, kuma hazad ɗin nan, wato maɓallin da ke kunna sigina hagu da dama gaba ɗaya, shine babban abin gwajinka na kyauta.

Ka fara riƙe hanyar da wutar take bi, don in ka gane wannan sauran duk sauƙi ne. Wuta tana tashi daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga makunnin hazad, daga nan ta je falasha wato ɗan akwatin nan mai ƙas-ƙas da ke yanke wutar yana maidowa, sai ta zo hannun sigina na jikin sitiyari shi kuma ya tura ta hagu ko dama, ta kunna ƙwayayen, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar, abinda masu wayarin ke kira at. Wurin da mutane da yawa basu sani ba shine wutar sigina ma ta cikin makunnin hazad take ratsawa a yawancin tsofaffin motoci. In hazad na kashe, makunnin yana baiwa falasha wutar da sai an murɗa ki take zuwa, in ka danna shi sai ya juya ya ɗauko wuta kai tsaye daga batir ya kuma haɗa hagu da dama. Shi ya sa hazad ke ci ko ba ki a jiki, shi ya sa galibi fiyus ɗinsu biyu ne daban, kuma shi ya sa lalacewar wannan maɓallin kaɗai kan kashe sigina gaba ɗaya.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Tasta ta mota, wato abin gwada wuta mai ɗan ƙwai a ciki, in baka da ita ka haɗa da kanka da ƙaramin ƙwai na 12V da waya biyu, sai sukudireba, ɗan guntun sanfefa, waya mai ɗan tsawo, fiyus sabo guda biyu ko uku, da salatif. In kana da mita ta auna wuta to madalla. Ka faka a inuwa ko ka bari sai yamma don da tsakar rana baka iya bambance fitila mai ƙarfi da mai rauni, ka ja birkin hannu, ka samu yaro ko ɗan'uwa ya tsaya maka a baya.

Matakin farko baka kwance komai. Kunna hazad ka zagaya motar ka ƙirga, gaba biyu, baya biyu, da na gefe in tana dasu. Kashe shi, murɗa ki har fitilun dashbod su kawo, buga hagu ka zagaya, buga dama ka zagaya. Abinda ka gani a nan shi zai nuna maka inda zaka nufa.

In hazad na ci a duk kusurwa huɗu amma sigina ko ɗaya bata yi, to ka kwantar da hankalinka, ƙwayayenka lafiya, at lafiya, falasha ma lafiya tunda shi ɗin ne dai yake aiki, sai dai a 'yan motocin da aka yi musu falasha biyu. Laifin ya rage tsakanin fiyus ɗin sigina, makunnin hazad, da hannun sigina. In kuma akasin haka ne, sigina na yi hazad ya ƙi, to fiyus ɗin hazad ne ko makunninsa. In duka biyun sun mutu murus, falasha ake fara zargi sai makunnin hazad. A nan ka tambayi kanka, kwanan nan an taɓa dashbod? Don sau da yawa wanda ya sa maka rediyo ne ya zare soket ɗin bayan maɓallin hazad ya manta bai maida ba, mutum yayi ta neman laifi a wani wuri. In gefe ɗaya ne ya ƙi da sigina amma hazad na kunna shi, hannun sigina ne. In gefe ɗaya na gudu da sauri, ƙwai ne ya ƙone a wannan gefen ko baya samun wuta. In fitilar ta kama ta tsaya cak bata ƙiftawa, ko dai falasha ya maƙale, ko kuma motarka na da tsohon falasha irin mai aiki da zafi wanda in ƙwai ɗaya ya mutu ko batir yayi sanyi baya samun ƙarfin da zai yanke wutar.

To mu fara da ƙwai tunda shine mafi arha. Ciro shi ka ɗaga a haske ka duba zaren ciki, in ya tsinke ko gilashin yayi baƙi ko yayi fari kamar hayaƙi ya shiga, ya gama. Amma kar ka yarda da ido kawai, ka ɗauko na ɗaya gefen da ka san yana ci ka musanya, in laifin ya bi ƙwan to shikenan. Kuma dan Allah ka karanta rubutun da ke jikin ƙarfensa, 12V 21W ya kamata ka gani a gaba da baya, na gefen fenda kuma 5W. Ina nanata wannan ne saboda ana yawan samun wanda aka sa masa 10W ko 5W a gurbin 21W, ko aka bashi na 24V irin na tirela da manyan motoci, ƙwan zai kawo amma dishi-dishi, falasha kuma zai ɗauka ƙwai ya mutu ya dinga gudu. Haka kuma ƙwan birki mai zare biyu, 21/5W, ba gidansu ɗaya da na sigina ba, ƙusoshinsa na gefe ba tsayinsu ɗaya ba, in aka tura shi da ƙarfi sai ya haɗa layin da bai kamata ba. In gilashin fitilar fari ne to ƙwan mai ruwan lemo ake sawa, shi ma ƙusoshinsa a ɗan karkace suke. Duk ƙwan da ya ƙi shiga cikin sauƙi ba nasa bane, kar ka matsa.

Ƙwai lafiya amma baya ci? Leƙa cikin gidansa. A motar da ta sha damina da yawa kuma gilashin fitilarta ya tsage, zaka ga wani kore-kore ko farin gari a gindin, wani lokacin har da ɗan ruwa kwance da ƙura ta zama laka, ɗan harshen ƙarfen da ke tokare ƙwan daga ƙasa kuma ya kwanta ya daina taɓawa. Kashe komai ka zare ki tukuna, ka naɗe sanfefa a bakin sukudireba ka goge har ƙarfen yayi haske, ka ɗan ɗago harshen nan a hankali, ka shafa basilin kaɗan don kar tsatsar ta dawo da wuri. Sai ka kunna sigina ka maƙala wayar tasta a ƙarfe mai tsabta ka taɓa harshen da bakinta. In tasta na ƙiftawa wuta na zuwa, saura hanyar komawa.

Nan ne nake so ka ɗan daɗe, don matsalar at ita ce ta fi rikita mutane kuma ita ce aka fi kashe kuɗi a banza a kanta. Alamarta bata ɓuya: ka buga sigina sai kaga fitilar baya ta dare tana lumshewa tare da ita, ko ka taka birki sigina ta tsaya, ko ka kunna fitilar dare komai ya hargitse, ko kibiyoyin dashbod duka biyu su dinga kawowa dishi-dishi. Abinda ke faruwa shine wutar ta rasa hanyarta ta komawa batir sai ta dinga bi ta cikin wasu ƙwayayen, kamar ruwan sama ne in kwata ta toshe, gidan maƙwabci zai shiga. Gwajin mai sauƙi ne, ɗauki doguwar wayar nan ka ɗaura baki ɗaya a kan negatif na batir ko wani noti mai tsabta a bodi, ɗaya bakin ka taɓa ƙarfen gefen ƙwan, gefe fa ba gindinsa ba, yayin da sigina ke kunne. In nan take fitilar ta washe ta koma daidai, ka kama ɓarawon. Bi wayar at ɗin fitilar har inda aka ɗaure ta a bodi, yawanci cikin but ne kusa da fitilar ko bayan fitilar gaba, ka kwance notin ka kankare tsatsa da fenti har sai farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure tamau. In ba'a taɓa canza wayarin motar ba, a motocin Jamus irin su Golf da Marsandi wayar at ruwan ƙasa ce, a Toyota fara ce mai ratsin baƙi, a Honda baƙa. Kuma in motar bata daɗe da dawowa daga wajen mai gyaran bodi da fenti ba, fara da nan kai tsaye, don fenti yana shiga ƙarƙashin notin ya raba waya da ƙarfe. Mai mita zai iya aunawa tsakanin ƙarfen ƙwan da negatif na batir fitila na kunne, in ya wuce kamar 0.2V to akwai datti a hanyar.

Sai fiyus. Akwatin yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, murfinsa kan nuna wanne ne na me in bai ɓata ba. Ba sai ka ciro su ɗaya bayan ɗaya ba, a bayan kowane fiyus na roba akwai 'yan ƙarafa biyu da suka leƙo, murɗa ki ka taɓa kowanne da tasta, in duka biyu sun kawo lafiya, in ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba ya ƙone. Kalarsu tana gaya maka ƙarfinsu, ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A. Tsofaffin Marsandi masu dogon fiyus mai tsini a baki biyu kuwa, sau da yawa basu ƙone ba, bakin ne yayi tsatsa, ka ɗan mirgina shi a gurbinsa sai wuta ta dawo.

Ga lissafin da zai hana ka yarda a sa maka babban fiyus. Ƙwai ɗaya na 21W a kan 12V yana jan kusan 1.75A. Sigina gefe ɗaya, ƙwai biyu da na fenda, kusan 4A kenan. Hazad ya ninka, kusan 8A. Kaga 10A ko 15A da kamfani ya sa ya isa har da rara. Saboda haka in fiyus ɗin da ya dace yana ƙonewa, ba ƙanƙanta yayi ba, waya ce ke taɓa bodi a wani wuri. Wallahi duk wanda yace maka "Alhaji bari mu naɗa masa waya kawai" ko ya ɗauko takardar sigari mai ƙyalli zai cusa, ka ce masa a'a ko da zai ji haushi. In fiyus ya kasa ƙonewa wayar ce zata ƙone a madadinsa, kuma a cikin dashbod take, kusa da gwiwarka.

Yadda ake kamo irin wannan shot ɗin, wato waya mai wuta da ke taɓa bodi: lura da wane gefe ne in ka buga fiyus ke tashi. Cire ƙwayayen wannan gefen duka, ka haɗa ƙwai na 21W da waya biyu ka sa shi a gurbin fiyus ɗin, ka buga siginar. In ƙwan ya kawo da cikakken haske alhali ba ƙwai ko ɗaya a layin, to wuta na zuba a bodi. Yanzu sai ka dinga zare soket na fitilun ɗaya-ɗaya kana girgiza wayoyi, inda ka taɓa hasken ya mutu ko ya ragu sosai nan ne. Wuraren da na fi zargi sune bayan bamba inda aka taɓa bugawa, inda waya ke ratsa ƙarfe robar ta cinye, wajen maɗaurin murfin but, da duk inda ka ga tsohon salatif ya saki. Motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi kuma ka sa ɓera a lissafi.

Falasha kuma in yana ƙara, kunna hazad ka bi sautin da kunne ka ɗora yatsa, wanda ke bugawa shine. A Golf 2 da Golf 3 yana jikin akwatin fiyus ƙarƙashin sitiyari, galibi da lamba 21 a bayansa. Ciro shi ka duba ƙafafunsa. Na motocin Turai an rubuta 49, 49a da 31, wato shigar wuta, fitarta zuwa fitilu, da at. Na Japan kuma B, L da E, ma'anar ɗaya ce. Murɗa ki ka taɓa ramin 49 ko B da tasta, dole ta kawo. In bata kawo ba falasha bashi da laifi, koma baya wajen fiyus da makunnin hazad. In ta kawo, ɗauki guntuwar waya, wadda aka sa wa fiyus a tsakiya ta fi, ka haɗa ramin 49 da 49a, ko B da L, ka buga sigina. Fitilun gefen su kama su tsaya ba ƙiftawa. In hagu ya kama dama ya kama, to komai lafiya falasha ne ya mutu, je ka sayo. Ka kiyaye kar wayar ta shiga ramin 31 ko E, shot ne kai tsaye. In zaka shiga Sabon Gari sayen sabo ka tafi da tsohon a aljihu, domin masu ƙafa uku na Japan da na Turai a ido kamar ɗaya suke amma gurbin wuta da at a juye yake, ka dubi haruffan ka gwada su kusa da juna a gaban mai shagon.

Makunnin hazad shi ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, maɓalli ne da wani sai yayi shekara bai taɓa ba, hunturu ya zo ya wuce ƙura ta cika shi. Kafin ka kwance, danna shi ka saki da ɗan ƙarfi sau goma ko fiye, sau da yawa sigina kan dawo a haka, in ta dawo ka san shine, ka fesa masa maganin wanke soket ko ka canza shi don zai sake. In zaka gwada da tasta, a irin na Jamus waya mai lamba 30 tana da wuta kullum, 15 sai an murɗa ki, 49 kuma ita ce mai fita zuwa falasha, ya kamata ta kawo in ki na kunne, ta kuma kawo in an danna hazad ko ba ki. Wuta na shiga bata fita, makunnin ne. A Golf 4 da Passat na zamaninta falashan a cikin maɓallin hazad ɗin yake, kar ka wahalar da kanka nemansa a akwatin fiyus. Su kuma Peugeot 307 da 206 da 406 na baya-bayan nan kwamfutar BSI ce ke ƙifta fitilun, ƙwai da at da fiyus zaka iya dubawa, amma banda haɗa waya, wannan ka kai wa wanda ya san su.

Hannun sigina na bar shi ƙarshe da gangan don shine mai tsada kuma shi aka fi ɗora wa laifin da ba nasa ba. Kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari, sukurori ne daga ƙasa, zaka ga soket ɗinsa. Waya ɗaya ce ke kawo wuta daga falasha, biyu ke fita. A Volkswagen baƙa mai ratsin fari hagu ce, baƙa mai ratsin kore dama. In wuta na shigowa amma ka buga gefe bata fita, ko sai ka riƙe hannun ka ɗan danna sannan take kamawa, to ƙarafan ciki sun cinye ko tsohon giris ya daskare da ƙura. Wasu ana buɗewa a goge, amma akwai ɗan sifirin da ƙaramin ƙarfe a ciki masu tsalle su ɓace, ka buɗe a kan tire ko farin ƙyalle. In sitiyarin na da iyabag, wato jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi haɗari, kuma aikin na bukatar cire shi, cire kan batir na negatif ka jira mintuna, kar ka kai tasta kusa da soket masu launin rawaya, ni shawarata ma wannan ka bar wa mai wayarin da ka yarda dashi.

Masu sa ƙwan LED kuma, gudun da sigina ke yi bayan kun sa ba lalacewa bane, LED baya jan wuta sosai sai falasha ya ɗauka ƙwai ya ƙone. Ko ka sayi falasha na LED mai ƙafafu irin na motarka, wanda shi na fi so, ko a sa resisto mai 6 ohm 50W a kowane ƙwai, shi kuma yana zafi sosai dole a ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba. Ka dai sani da irin wannan falashan in ƙwai ya mutu ba lallai ya gaya maka ba, sai ka dinga zagayawa kana dubawa.

Wani abu da ba gyara ba amma dole in faɗa, ɗabi'ar kunna hazad a mararraba wai alamar miƙewa zaka yi. Wanda ke gefenka fitila ɗaya kawai yake hangowa, a wurinsa kwana zaka sha, kuma muddin hazad na kunne siginarka bata da amfani. Hazad na motar da ta tsaya ne ko ta lalace ko ake gargaɗin na baya da haɗari a gaba. In ta mutu maka a hanyar Kano ko ta Funtuwa da dare ka kunna shi, amma ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku a baya da nisa, don tsohon batir ba zai kwana yana ɗauke da ƙwai huɗu ba.

In ka gama gyara kar ka maida murfi tukuna. Tada injin, kunna fitilar dare, ka sa wani ya taka birki ya riƙe, sannan ka buga hagu, dama, da hazad kana kallon kowace kusurwa, don laifin at sai an ɗora masa nauyi haka yake fitowa. Ƙirga ƙiftawar da agogo, ƙa'ida tsakanin 60 zuwa 120 ne a minti ɗaya, wato 10 zuwa 20 a daƙiƙa goma. In tana jan ƙafa injin a kashe amma ta daidaita da ka tada shi, auna batir, cikakke yana nuna kusan 12.6V a kashe, injin na aiki kuma tsakanin 13.5V da 14.5V. Ƙasa da haka to ba sigina bace matsalarka, ka duba kawunan batir da cajin altaneta.